An Zo Neman Mai Sito, An Tashi da Sabon Muƙami: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gidan Hatsi a Aboabo, Kumasi

A farkon shekarar 2023 wani ɗan kasuwa da nake yi wa aikin takardun haraji ya kira ni, ya ce in zo sito in zauna da shi, zai ga masu neman aiki. Da izininsa nake rubuta wannan, bisa sharaɗin a sakaya sunaye, don haka zan kira shi Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa a layin. Hatsi yake sari: masara, gero, wake da shinkafa. Sitonsa yana Aboabo, cikin zangon Kumasi a Ghana, yana kuma da ƙaramin shago a wajen kasuwar Kejetia inda babban ɗansa ke zama.

Mai kula da siton ne ya ajiye aiki ya koma arewa wurin iyayensa. Aikin ba ɓoyayye ba ne: ƙirga buhu in mota ta iso, tsayawa a kan 'yan dako, riƙe makulli, duba wake kada ƙwaro ya shiga. Motocin hatsi masu zuwa daga garuruwan Techiman da Ejura ba su da lokaci, wata ta iso bayan isha'i, wata sai biyun dare. Shi ya sa tun kafin kowa ya zo Alhaji ya riga ya yanke a ransa cewa namiji zai ɗauka, wanda kuma ke kwana kusa da sito.

Mutum huɗu suka zo. Ta ukunsu budurwa ce, 'yar wata Hajiya mai koko da ƙosai a unguwar Asawase, wadda ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar gero da wake a wurin Alhaji. Yarinyar ta karanta lissafin kuɗi a Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda har gobe manya ke ce wa Poli ko da yake tun 2016 aka ɗaga darajarta. Ta yi shekararta ta bautar ƙasa, ta dawo gida tana taya uwarta tace gasara. Don kunyar uwar kawai Alhaji ya yarda ya gan ta. Ya tambaye ta karatu, ya sa mata albarka, ya fara lalubo kalmar da zai sallame ta da ita ba tare da ranta ya ɓaci ba. Sai ta ce:

"Baba, in an ba ni dama ina da tambaya."

"Faɗi, 'yata."

"Kuɗin da Mma ta turo ta MoMo makon jiya, a wane littafi aka rubuta su? Don shekaranjiya an aiko yaro yana tambayarta kuɗin gero, alhali ta biya."

MoMo hanya ce ta tura kuɗi ta waya. Alhaji ya ƙwala wa akawunsa kira, wanda muke ce wa Malam. Malam ya fito da littafi, ya bi shafi da yatsa, bai ga komai ba. Aka buga wa babban ɗan waya a Kejetia, ya duba, ya ce lallai kuɗin sun shigo lambarsa, mantuwa ce ta sa bai faɗa ba. Da a nan ta tsaya, da an ba ta haƙuri an wuce wurin. Amma ta ƙara tambaya, murya ƙasa-ƙasa: lamba nawa ake turo wa kuɗi? Aka ce uku. To wa ke zama ya haɗa abin da ya shigo lambobin nan uku da abin da ke cikin littafi? Sito ya yi tsit. Ina zaune a gefe kan buhun masara, na ga Alhaji ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

Yadda kuɗi ke yawo a gidan

Sai an san yadda cinikin ke tafiya za a gane nauyin wannan tambaya. Yawancin masu sayen kayan Alhaji mata ne masu abinci: masu koko, masu waakye (shinkafa da wake), masu tuwon zafi, da masu dafa wa makarantu, waɗanda su ma sukan jima suna jiran a biya su. Kaɗan ne ke biya nan take. Mace za ta ɗauki buhu ranar Litinin, a ɗora mata a aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan daga cinikin kullum, kafin ta gama ta ɗauki wani. Masu ƙaramin jari kuwa da olonka, wato gwangwanin awo, ake auna musu. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a wannan sana'a bashin shi ne cinikin. Wanda ya ce sai kuɗi hannu, zai kwana da buhunansa.

Ba yau aka fara wannan tsari ba. Tun zamanin fataken goro, lokacin da ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, ciniki a zango a kan amana yake tafiya. Maigida ya san baƙonsa, dillali ya san mai saye, maganar mutum ta fi takarda ƙarfi. A irin wannan gida babu muƙami irin na ofis. Mutane ne, kowa da matsayin da daɗewa da yarda suka ba shi. Yaron shago ba a naɗa shi, girma yake yi a ciki har wata rana a miƙa masa makulli.

Malam ya haura shekara ashirin yana riƙe da littafin bashi. Sunaye da ajami yake rubuta su, lambobi da boko, kuma ba sunan yanka yake sawa ba, sai yadda aka san mutum: Hajiya ta bakin masallaci, matar mai gyaran rediyo, 'yar Bawku. Ya san wadda mijinta ya rasu, ya san wadda ke biya ranar Asabar ko da sama da ƙasa za su haɗu, ya san wadda sai an je da kai. Littafin nan bai taɓa cin amanar Alhaji ba. Duniya ce ta canza a bayansa.

Kamfanin MTN ya kawo MoMo Ghana a 2009, sannu a hankali matan nan suka daina aiko 'ya'yansu da kuɗi ƙulle a leda, suka koma turawa. Wata ta tura lambar Alhaji, wata ta babban ɗan, wata ta direban da ya kai mata kaya. Malam ba ya riƙe ko ɗaya daga cikin wayoyin, abin da aka faɗa masa kawai yake rubutawa. Da aka sa harajin tura kuɗi, wato E-Levy, a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, sai abin ya ƙara dagulewa. A lokacin, Sidi 100 na farko a kowace rana ba a cire musu haraji, don haka mata suka riƙa gutsura biyan kwana-kwana. Wasu kuma su miƙa wa mai kiyos, wato wakilin MoMo, kuɗin ya zuba a lambar, saƙo ya iso da sunan mai kiyos, ba da sunan mai bashin ba. Kuɗin buhu ɗaya sai ya shigo gida shida, a waya biyu, da suna uku.

Ga kuma tsadar rayuwa. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Buhun da aka bayar bashi wata uku da suka wuce, ranar da aka gama biyansa kuɗin ba za su sayo irinsa a Techiman ba. Jinkiri ya zama asara, rashin sanin wa ake bi kuma ya fi jinkirin muni.

Shawarar ƙofar masallaci

Bayan magariba Alhaji ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Yarinyar nan ba ta sito ba ce. Amma ban ga yadda zan bar ta ta tafi ba."

Ni na fara ja. Na sha ganin yadda ake girka wa 'yar aminin maigida kujera a shago, ta wuni tana danna waya, tsofaffin ma'aikata suna harararta, bayan wata shida zumuncin gida biyu ya yi tsami. Na kuma tuna masa lissafi. Sito dai sai an ɗauki mai kula da shi, ke nan albashi biyu a gurbin ɗaya. Ban da albashi, doka ta ɗora wa mai aiki biyan kwatankwacin kashi 13 cikin ɗari na albashin a matsayin kuɗin fansho da ake biya ta SSNIT, hukumar fansho ta Ghana, a kuma cire kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci. Duk wannan a shekarar da kowa ke ƙara ɗaure ɗamara.

Sai na yi masa tambaya ɗaya, wadda har yau nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana. Na ce, "Alhaji, da a ce gobe banki ya ɗauke ta, za ka nemi wani ya yi wannan aikin da kake son ba ta?"

Ya jima bai amsa ba. Can ya ce, "Da jiya ka tambaye ni, da na ce a'a, don ban san akwai aikin ba. Yau kam zan nema."

A wurina nan ne iyaka tsakanin ƙirƙirar muƙami da yi wa mutum alfarma. In aikin ba ya nan sai don mutumin, to kyauta ce ake masa wata-wata, kuma gara a kira ta da sunanta. In kuwa giɓin yana nan tun kafin ya zo, shi dai ya nuna shi ne, to ana da dalilin buɗe gurbi. Muka shirya a gwada ta mako biyu, a biya ta, da aiki guda: ta haɗa saƙonnin wayoyin nan uku na wata ukun baya da littafin Malam. Aka kuma ɗauki na biyu cikin masu neman aikin, wani matashi mai kwana a bayan layin, ya zama mai sito. Wannan ya taimaka ƙwarai daga baya, don ba wanda ya iya cewa an bar aikin da ake buƙata an kama na marmari.

Ta zauna a benci da kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, tana kwafe saƙo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta kawo ya kasu uku. Akwai waɗanda suka biya ba a goge musu ba. Akwai kayan da suka fita da dare bisa umarnin waya ba a rubuta ba. Akwai kuma kuɗin da suka shigo ba wanda ya san na wane ne. Ba ta kama kowa da sata ba, ba ta kuma zargi kowa ba. Alhaji ya karanta takardar sau biyu, ya ce mata, "Ki ci gaba."

Inda muka yi kuskure

Kalmomin nan uku su ne duk naɗin da aka yi mata. Ba a ba aikin suna ba, ba a tara ma'aikata an faɗa musu ba, ba a zauna da Malam ba. Ni da na san doka ban ce a rubuta komai ba, na ɗauka in ta zauna abubuwa za su daidaita da kansu. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, lokacin da gero da wake suka fi fita, kowa ya shiga hidimarsa.

Malam bai taɓa faɗa mata magana mara daɗi ba. Sai dai da an yi azahar ya kulle littafi a durowa, ya sa makulli a aljihu, ya tafi tafsiri. In ta tambayi wace ce 'yar Bawku, sai ya ce zai duba. Babban ɗan kuwa a fili ya nuna. Ta ce, "Yaya, ina son in ga saƙonnin jiya." Ya ce wayarsa ce, akwai sirrinsa da na iyalinsa a ciki, ba zai riƙa miƙa ta kullum kamar wanda ake tuhuma ba. Kuma yana da gaskiyarsa. Yaran sito suka laƙaba mata 'yar sandan ciki, in ta shigo hira ta mutu.

Abin da ya fi zafi daga waje ya zo. Ganin jerin waɗanda bashinsu ya daɗe, sai ta fara buga musu waya tana tuna musu. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Wata dattijuwa mai waakye, wadda ta girmi uwarta, ta ce mata a waya, "Ke 'yar nan, ni za ki kira ki tambaya kuɗi? Ranar sunanki ni na dafa shinkafar." Ba ta tsaya nan ba, ta yafa mayafi ta tafi Asawase ta kai ƙara wurin uwar. Hajiya mai koko ta rasa inda za ta sa kanta, ga 'ya ga abokiyar zama ta shekaru. Dattijuwar ta koma ɗaukar wake wurin wani.

Bayan Sallah yarinyar ta zo ofishina. Ba ta yi kuka ba, amma idonta ya nuna ta yi a gida. Ta ce, "Kawu, zan bari. Ban san iyakar aikina ba, ban san wa zan kai wa magana ba. In na yi shiru a ce ana biyana a banza, in na yi magana a ce ba ni da kunya."

Laifin namu ne, ni da Alhaji, ba nata ba, ba na Malam ba. Mun manta cewa aikin sabon muƙami ba daga sama yake faɗowa ba, daga hannun waɗansu ake yankowa. Kafin ta zo, Malam kaɗai ya san wa ake bi. Babban ɗan yana karɓar kuɗi ya kashe a hidimar shago ya faɗa in ya tuna. Zuwanta ya rage wa kowannensu wani abu, kuma ba wanda ya nemi yardarsu, ba wanda ma ya gaya musu an rage. Muka tura yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta karɓo da kanta abin da maigida ne kaɗai ke da bakin karɓa.

Gyara

Alhaji ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Bai kira Malam ofis ba, gidansa ya bi shi bayan isha'i, ni ma na raka shi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka yi maganar azumin da ya wuce da tsadar raguna mai zuwa. Da aka zo kan magana, Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, in ka gaji da ni ka faɗa mini da bakinka. Ba sai an kawo jikata ta ƙirga ni ba."

Alhaji ya rantse masa cewa ba haka ba ne. Ya ce shi ya yi kuskure da bai fara zuwa nan ba, ya ba shi haƙuri a gabana. Ya nuna masa takardar mako biyun nan, ya ce duba, ko layi ɗaya babu inda littafinka ya yi ƙarya, abin da ba a kawo maka ba ne ya ɓace. Malam ya sa tabarau ya bi takardar a hankali. A jerin kuɗin da ba a san masu su ba, ya ɗora yatsa kan sunan wani mai kiyos ya ce wannan ai a ƙofar gidan Hajiya ta bakin masallaci yake, duk abin da ya turo nata ne. Nan take layi biyar suka warware. Daga nan ya faɗi maganar da ta zama ginshiƙin tsarin duka, kuma daga bakinsa ta fito, ba daga namu ba: ita ta san waya ba ta san mutane ba, shi ya san mutane bai san waya ba.

Sai muka zauna rubutu. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye dole a ƙulla shi a rubuce, kuma cikin wata biyu da fara aiki mai aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikin. Yawancin gidajen kasuwancinmu na zango ba sa yin wannan, suna ganin takarda alamar rashin yarda ce. Ga tsohon aiki kamar na sito ana iya lallaɓawa a haka, don kowa ya san abin da mai sito ke yi. Sabon muƙami kuwa ba shi da tarihi, ba wanda ya taɓa riƙe shi balle a ce yi kamar yadda wane ya yi. Takardar ce kaɗai ke gaya wa kowa inda ya fara da inda ya tsaya.

Muka sa wa aikin suna: mai kula da asusun abokan ciniki. Ita ke rubuta duk abin da ya shigo, ta haɗa shi da littafi kullum kafin a rufe, ta tura wa wadda ta biya saƙon shaida, ta kuma kai wa Alhaji jerin basussuka kowace Asabar da safe, Malam yana zaune. Ɓangaren da na fi ba muhimmanci shi ne na abin da ba aikinta ba ne. Ba ita ke cewa a ba wance bashi ko a hana ta ba, wannan na Malam ne. Ba ta kiran kowa kan bashi sai wadda Malam ya sa wa alama, manyan mata kuwa shi ko Alhaji ke zuwa da ƙafarsu. Ba ta taɓa makullin sito. Aka rubuta wata uku na gwaji, lokutan aiki, hutun shekara na kwana 15 na aiki kamar yadda doka ta tanada, da rajistar SSNIT.

Babban ɗan ya kawo maganar da na san za ta zo. Ya ce duk wannan ɗawainiya a kan mace, gobe ta yi aure, jibi haihuwa, doka kuma ta ce a ba ta hutun mako 12. Alhaji ya dube shi ya ce, "Wanda ya tafi arewa ya bar mana sito a buɗe ai namiji ne." Ba a sake tayar da zancen ba.

Matsalar wayarsa kuwa ba da rarrashi aka warware ta ba, an cire dalilin rigimar ne gaba ɗaya. Aka buɗe lambar MoMo ta 'yan kasuwa da sunan shagon, aka buga ta a takarda aka manna a ƙofar sito da ta shagon Kejetia. Da yake shagon yana da rajista da hukumar haraji ta GRA, biyan da aka yi ta wannan lamba ba ya cikin waɗanda ake cire wa E-Levy, abin da ya sa matan suka karɓe ta da wuri. Wayar Yaya ta koma tasa shi kaɗai.

Albashi ya ɗan ba da wahala, don babu na baya da za a kwatanta da shi. Alhaji ya so ya daidaita ta da mai sito, ita ta nemi fiye da haka, ta kuma kawo hujjarta cikin ladabi. Aka tsaya a sama da na mai sito, ƙasa da na Malam, da alkawarin a sake dubawa. Na goyi bayan haka don zaman lafiya, ko da yake raina bai kwanta ba, don an auna kuɗin da shekarun mutane ne, ba da nauyin aikin ba.

Sauran abu ɗaya Alhaji ya yi wanda babu shi a takarda. Mako guda ya zauna a bakin sito da safe, duk Hajiyar da ta zo ɗaukar kaya sai ya kira yarinyar ya ce, "Hajiya, ga 'yarki. In kin biya ita za ta turo miki shaida, don kada a sake aiko miki yaro kan kuɗin da kin riga kin biya." Aikin bai canza ba, amma matan suka daina ganinta a matsayin mai bin bashi, suka koma ganin mai tsare musu haƙƙi. Dattijuwa mai waakye kuwa har gida ya bi ta, ya ce shi ya sa yarinya, a yafe masa. Ta dawo bayan babbar Sallah.

Ranar da aka gane amfaninsa

A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Benin da Najeriya suka rufe iyakokinsu da Nijar, kayan Nijar suka yi wuyar isowa. Albasa ta yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Ghana, masu wake ma suka fara riƙe abin da ke hannunsu. Wani abokin cinikin Alhaji a arewa ya bugo ya ce yana da mota guda ta wake, amma kuɗi hannu, kwana biyu, in ba haka ba akwai mai jira.

A da, Alhaji zai yi kirdado ne, ya aika yara gida-gida, wasu su je wurin waɗanda suka riga suka biya. Wannan karon kafin la'asar jerin yana gabansa: wa ake bi, nawa, tun yaushe. Malam ya ɗauki biro ya bi sunayen, wannan a kira ta, wannan ni zan je, wannan a ƙyale ta 'yarta na asibiti. Abin da aka tara, da ɗan abin da ke banki, ya sayi motar. Ba zan ce muƙamin ne ya kawo ribar waken ba, ribar ta idon Alhaji ce da ya san lokacin saye. Abin da na gani da idona shi ne, tun daga lokacin ba a sake aika yaro kan kuɗin da aka biya ba, kuma takardun da ake kawo mini na haraji sun daina zuwa a cikin leda.

Abin da bai warware ba

An soke E-Levy a watan Afrilun 2025, lambar shagon kuma ta zauna daram, matan sun saba. Amma wata matsala ta girma a hankali, wadda ke bin duk wanda aka buɗe wa gurbi don hazaƙarsa. Da yake ta iya, komai sai a ce a ba ta. Ita ke tura farashin mako a WhatsApp. Ita ta cike wa Alhaji takardun Umra. Ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannen Yaya. Har wani ɓangare na aikina ya koma hannunta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a takardar da muka rubuta, albashin kuma sau ɗaya aka duba shi. Sannan ga tambayar da ba mu yi wa kanmu ba tun farko: daga nan sai ina? Mai sito yana iya fatan wata rana a buɗe masa shago. Ita a samanta ba kowa sai 'yan gida.

Kwanan baya wani mai kantin kayan gini a unguwar Adum ya aiko mata da tayi. Ba ta ɓoye ba, ta faɗa wa Alhaji da kanta. Ta nemi abu uku: a sake rubuta takardar ta ƙunshi abin da take yi yanzu, a gyara albashi daidai da hakan, a kuma ba ta yaro ko yarinya ta koyar, don aikin ya daina rataye a wuyan mutum ɗaya. Na gaya wa Alhaji cewa na ukun ya fi amfanarsa fiye da ita, kuma in bai yi na biyun ba zai rasa duka. Ya amince da na farko da na uku, ya ce na biyun a ba shi sai kaka ta shigo ya ga yadda masara za ta kasance. Ita ta ce za ta jira zuwa lokacin, mai kantin Adum kuma bai janye tayinsa ba.

Ranar da na je sito na ƙarshe na same su a benci, ita da Malam da wata ƙanwar mai sito da aka kawo koyo. Malam yana karanto sunaye daga tsohon littafin ajami, ƙaramar tana rubutawa da boko, ita tana sa lambar wayar kowa a gefe. Sun tsaya a kan matar mai gyaran rediyo. Malam yana yi musu bayani cewa mijin ya daina gyaran rediyo tun kafin a haife su, matar ma ta daina fitowa, 'yarta ta biyu ce ke riƙe da tukunya yanzu, kuma in za a kira ta kada a kira kafin ƙarfe goma, tana kan wuta.